Haibirid Ko Mai Fulogi? Amsarmu Ga Mutanen Wudil

Yau Edita ne da kansa ya cinye muku filin, sai ku yi mana afuwa. Dalili kuwa shi ne, cikin 'yan makonnin nan wasiƙu sun yi ta shigo mana daga Wudil da ƙauyukan da ke kewaye da ita, duk a kan magana ɗaya, wato motocin nan da ake kira haibirid, masu aiki da fetur da batir. Maimakon mu riƙa amsa wa kowa ɗaiɗai, sai muka ga ya fi kyau mu haɗa su mu faɗi ra'ayinmu gaba ɗaya.

Wasiƙar da ta fi ɗaga mana hankali ta wani Alhaji ce mai sana'ar shanu a karar Wudil. Ya ce ya daɗe yana tari, har ya yi niyyar ɗaga bijimai uku ya cika, domin ya rabu da tsohuwar motarsa da ta ishe shi da shan mai. Wani dillali a birni ya nuna masa motoci biyu 'yan Kwatano, kamanninsu kusan ɗaya. Ya ce masa ta farkon mai kaɗan take sha, ta biyun kuwa, wadda ta fi tsada, wai ba ruwanta da gidan mai, jona ta kawai za ka yi a bango kamar wayar hannu. Shi ne Alhaji yake tambaya: Edita, wace zan ɗauka?

Alhaji, tun kafin mu yi nisa, a bar bijiman nan a turke wannan Juma'ar tukuna.

Ba mu ga laifin duk wanda wannan magana ta ja hankalinsa ba. Kowa ya san inda aka fito. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta wayi gari ta haye naira 500, kafin watan Oktoban 2024 ya ƙare kuma ta haye naira 1,000 a Kano. Mai kai kaji da ƙwai birni, da mai sarin tumatir, da mai ɗinki da ke zuwa Kantin Kwari sayen yadi, duk sun ji a jikinsu. Wanda aka ce masa ga motar da ba ta shan mai, dole kunnensa ya motsa. To amma babu irin wannan motar a cikin biyun da aka nuna wa Alhaji. Dukkansu suna da tankin mai, dukkansu suna da injin fetur, kuma dukkansu idan tanki ya bushe an shiga matsala.

Ga yadda abin yake. Haibirid zalla, wadda ba a jona ta, tana da injin fetur da injin lantarki da wani ƙaramin batir. Ita ke cajin kanta. Idan kana tafiya injin fetur yana ɗan zuba wa batirin, idan ka taka birki kuma, ƙarfin da ke tashi a banza a sauran motoci ita sai ta mayar da shi wuta ta adana. Da ka tsaya a cunkoso sai injin ya mutu da kansa, ka ji shiru kamar an kashe mota, da ka saki birki sai ta zame da ƙarfin batir. Ba sabon abu ba ne. Kamfanin Toyota ya fara sayar da Prius a Japan tun 1997, daga baya ya sa wannan tsari a Camry da Highlander da wasu Lexus. Batirin nata ɗan ƙarami ne, bai kai yunit 2 na irin wutar da mitarku ke ƙirgawa ba, shi kaɗai ba zai kai ka daga gadar Wudil zuwa ƙauyen da ke gaba ba. Aikinsa taimako ne kawai. Amma taimakon ba ƙarami ba ne: a gwajin hukuma a Amurka, Prius ta 2010 tana cin kilomita 21 da lita ɗaya, alhali Corolla ta wannan shekarar tana cin 12 zuwa 13.

Ita kuwa mai fulogi, haibirid ce da aka ƙara wa babban batir da ƙofar caji. Gane ta ba wuya. Ka zagaya motar, za ka ga murfi biyu, ɗaya na mai ɗaya na wuta, sau da yawa kuma an rubuta Prime ko PHEV a bayanta. Idan ka cika batirin a gida, za ta yi tafiya da wuta zalla har ya sauka, daga nan ta koma haibirid kamar 'yar'uwarta, ta ci gaba da shan mai. Tambayar ita ce, tafiyar nawa? Prius mai fulogi ta 2012 ba ta kai kilomita 20 ba a gwajin Amurka. Prius Prime ta 2017, mai batir yunit 8.8, kilomita 40. RAV4 Prime ta 2021, mai yunit 18.1, kilomita 68. Wannan fa lokacin da suke sabbi ne fil, ba bayan sun shekara bakwai ko goma a hannun wani Ba'amurke ba.

To daga Wudil zuwa Kano kilomita 40 ne da 'yan kai. Ke nan wanda ya cika Prius Prime da dare, in ya yi sa'a ya isa Mariri da wuta. Shiga cikin gari da dawowa gida duk da mai ne.

Yanzu bari mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa, tunda da 'yan kasuwa muke magana. Cika wannan batir yana jan kamar yunit 7 daga bango. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta mayar da yunit ɗaya naira 225 ga waɗanda ke rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga baya aka ɗan rage zuwa naira 200 da 'yan kai. A wannan farashin, yunit 7 ya tasam ma naira 1,500. Ita kuma motar, idan ta yi wannan kilomita 40 ɗin da fetur, ba za ta sha lita 2 cikakku ba. Mu ɗauki lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi, ka ga naira 1,800 ke nan. Rarar da ke tsakani ba ta kai kuɗin kwanon abinci a tasha ba. Shekara nawa za ka yi kana tara ta kafin ta biya bijiman da ka ɗora a kan farashi?

Wani zai ce, ai mu ba 'yan rukunin A ba ne, wutarmu ta fi araha. Gaskiya ne, a ƙananan rukunai lissafin yana yin daɗi ƙwarai. Sai dai an yi maka arahar ne saboda awannin da aka yi maka alkawari kaɗan ne: rukunin D awa 8, rukunin E awa 4. Inda wutar take, da tsada. Inda take da araha, sai an yi dakonta. Kuma motar nan ba wayar hannu ba ce da za ka tsikara mata minti 20 ka cire. Da wayar cajin da ake ba da ita a Amurka, Prius Prime tana cin sama da awa 5 kafin ta cika, RAV4 Prime kuwa awa 12. Ba a ma zo maganar ƙauyukan da tiransifomarsu ta ƙone aka shiga haɗa kuɗi gida-gida ba, balle waɗanda ko turken wuta bai isa gare su ba. Kuma ba mu manta da ƙarshen watan Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, wanda ya biyo ta Binuwai shi ma ya samu matsala, akasarin jihohin Arewa suka yi sama da mako guda cikin duhu.

Akwai kuma wani tarko a wayar cajin ita kanta, wanda dillalai da yawa ko dai ba su sani ba ko ba sa faɗa. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Wayar da ta zo a but ɗin motar da aka ɗauko daga can, akasari don tasu wutar aka yi ta. Ka sa mata adafta ka cusa a soket ɗinmu, kana iya jin ƙauri. Sai ka nemi wadda ta dace da tamu, wani kuɗin ke nan. Bayan haka na'urar cajin tana bukatar gidan da aka yi wa wayarin mai kyau, har da wayar nan da ake binnewa a ƙasa. Gidaje nawa ne a garuruwanmu suke da ita? Soket ɗin da ke ɗaukar fanka da talabijin daban, wanda zai ɗauki nauyin dutsen guga biyu awa uku ko huɗu ba tsayawa daban. Mun sha buga labarin gobarar kasuwa a wannan jarida, ba ma son ƙari.

Wani saurayi daga wajen Garko ya rubuto ya ce shi ya gano dabara: zai riƙa cajin ta da janareta. Ɗan'uwa, an gudu ba a tsira ba. Ƙaramin janaretan nan na masu shago ba zai ma iya jan ta ba. Babban kuwa, wanda zai iya, lita ɗaya ba ta cika ba shi fiye da yunit 2 ba. Ke nan sai ka ƙona lita 3 da rabi ko 4 a janareta, don ka yi tafiyar da motar da kanta za ta yi da ƙasa da lita 2. Ga ƙara, ga hayaƙi, ga maƙwabta.

To idan mutum ya saya bai caja ba fa? Motar za ta yi tafiya lafiya lau, ba abin da zai same ta. Amma ka biya kuɗin babban batir kana yawo da shi kamar jakin da aka ɗora wa mangalar da ba kowa zai sauke ba. Prius Prime ta fi Prius zalla nauyi da kimanin kilo 130, wato buhun masara guda da ɗoriya, kullum yana cikin motarka. Batirin ya cinye wani sashe na but, babu safaya, kuma ta 2017 zuwa 2019 mutum huɗu kawai aka yi wa wurin zama. Mai iyali da mai kaya sai su yi tunani. Wannan matsala ta rashin caji ba tamu ba ce mu kaɗai. A Turai, inda wuta ba ta ƙiftawa, Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da rahoto a 2024 bayan ta duba abin da motoci ke sha a kan titi, ta tarar masu fulogi suna fitar da hayaƙi ninki uku da rabi a kan abin da aka rubuta musu a takarda. Babban dalili, masu su ba sa cajin su kamar yadda aka zata. In haka ta faru a Jamus, ina ga Wudil?

Kada a ce mun tsani motar. Ko kusa. Hasali ma muna da abin alfahari a cikinta, domin ɗan Sakkwato ne, Jelani Aliyu, ya zana siffar samfurin farko na Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna wa duniya a 2007, wadda ta shiga kasuwa a ƙarshen 2010 tana cikin na farko-farkon masu fulogi. Shi ne kuma daga baya ya shugabanci hukumar ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023, a zamaninsa aka buɗe wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. Motar tana da kyau, tana da mutanenta. Wanda ke da sola mai ƙarfi a gida ko a shago, farantai huɗu ko biyar manya da inbata da za ta iya, kuma zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin gari da ƙauyukan kusa ba, wannan zai iya yin mako bai leƙa gidan mai ba. Malamin jami'a da ke kwana a Wudil, ko mai kanti da motarsa ke yini a ƙofar shago, su ne 'yan gidanta. Amma a lura, rana da rana take fitowa. Motar da ke barin gida da asuba ta dawo bayan magariba ba za ta ga solar ba, sai an sayi wasu baturan na ajiya, su ma kuɗin wata motar ne.

Saboda haka ra'ayinmu ga Alhaji da ire-irensa: in dai tsakanin biyun nan ne, a ɗauki haibirid zalla.

Sai dai ita ma ba a shiga cinikinta da ido rufe. Dukkan ƙimar motar tana cikin batirinta ne, shi kuwa batir yana tsufa. Garantin da Toyota ta ba shi a Amurka shekara 8 ne ko kilomita 160,000, sai daga motocin 2020 aka ƙara zuwa shekara 10. Mafi yawan waɗanda ke isowa hannunmu sun riga sun wuce wannan. Ka ga mota tana sheƙi, kujeru kamar ba a taɓa zama ba, ashe batirin saura ƙiris. Bayan wata uku sai fitilu su cika allon gaban direba, a ce maka sai an sauya. Kada ka biya ko kwabo sai ka kai ta wurin wanda ke da na'urar da ake jonawa a karanta lafiyar batirin, ka tsaya a kansa, kuma kai ka zaɓo shi, ba dillali ba. A hau ta a yi tafiya mai ɗan nisa da na'urar a jone. Idan ma'aunin batir yana cika nan da nan yana zubewa nan da nan, ko fankar da ke bayan kujera tana ta kuka, to a kama gaba. Ka kuma leƙa Kofar Ruwa ka tambayi farashin batirin wannan samfurin kafin ka saya, ba bayan ka saya ba. Dillalin da ya ƙi yarda da gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Sai yanayinmu. Zafin Afrilu da Mayu a ƙasar Kano yana haye digiri 40, zafi kuwa shi ne babban abokin gabar batir. A nema wa motar inuwa. A Prius akwai wata 'yar kafa a gefen kujerar baya, ta nan fanka ke jan iska tana sanyaya batirin. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin ƙauye tana toshe ta, fasinja ya jingina da ita ko a tura buhu a wurin, batir ya yi ta dahuwa ba wanda ya sani. A riƙa share ta. Da damina kuma kada a ce za a keta ruwa da ita kamar a-kori-kura, cikinta a ƙasa yake. Kada a bar ta a ajiye wata da watanni ba a tayar ba. Kada kuma a bari mai ya ƙare ƙaf a ce za a lallaɓa da batir, nan ake kashe shi. Man 'yan bumburutu ma a yi hattara da shi.

Babbar damuwarmu ita ce bakanike. Ba raini ba ne, bakanikenmu sun yi abin a yaba, sun riƙe Fijo da Golf shekaru aru-aru da basirarsu. Amma wannan wani karatu ne daban. Wayoyin nan masu launin lemo da ke cikin motar suna ɗauke da wuta sama da bolt 200, suna iya kisa. Ko iyakwandishan ɗinta mai na musamman ake zuba masa, aka sa irin na sauran motoci sai ya jawo wata ɓarnar. Yau idan haibirid ta tsaya maka a hanyar Gaya ko Takai, wa za ka kira? A nan muke kira ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke nan Wudil. Tana da sashen injiniya, tana da malamai. Me zai hana ta shirya gajeren horo na 'yan makonni, da Hausa, ga bakanike da masu gyaran wayarin mota na yankin? Motocin dai suna shigowa ko an shirya ko ba a shirya ba. Ƙungiyoyin bakanike su ma su je su ƙwanƙwasa ƙofar, kada su jira a aiko musu.

Saura amsar direban haya da ke jigila tsakanin Wudil da Kano, wanda ya tambaya ko ya sayar da tasa ya koma haibirid. Malam direba, a nan sai mun rage maka zumuɗi. Haibirid ta fi nuna bajintarta a inda ake tsayawa ana tashi, kamar cunkoson Hotoro ko na bakin gada ranar kasuwa. A kan miƙaƙƙen titi, ka take ta gudu ɗari da wani abu, injin fetur ne ke yin kusan dukkan aikin, rarar sai ta ragu. Sannan mun san yadda ake lodi: biyu a gaba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure da igiya. Motar da batirinta ke kwance a bayan kujerar baya yana neman iska ba za ta jure wannan ba. In za ka iya ɗaukar daidai kima, ka riƙa shiga cikin gari, to za ka ga bambanci a aljihunka. In kuwa lodin ne ke fitar maka da balas, gara ka gyara wadda ka sani, ka sa ido kan maganar iskar gas ta CNG da gwamnatin tarayya ta fara a 2023, ka ga yadda wuraren sayar da ita za su wadata a wannan yanki.

Muna roƙon duk wanda ke da ɗaya daga cikin motocin nan a Wudil, Gaya, Garko, Sumaila ko Dawakin Kudu, ya taimaka wa 'yan'uwansa. Ya cika tanki, ya rubuta lambar kilomita, in ya sake cikawa ya rubuta lita nawa ta ci, ya yi haka wata guda ya aiko mana, tare da abin da ya kashe wurin gyara. Mai fulogi ya ƙara da kwana nawa ya samu wutar cika ta. Za mu buga yadda ya zo mana, ko ya saɓa wa abin da muka faɗa yau. Shi kuma Alhaji, in an gwada batirin, a rubuto mana abin da na'urar ta nuna.

Sai mun ji daga gare ku. Wassalam.

Edita